Ruwa Ba Ya Jin Ta'aziyya

'Yan uwa marubuta,

A Amurka, idan aka yi dogon hutun makaranta, akan kwashi yara a kwale-kwale su yi tafiyar kwanaki, su kwana a tanti a bakin tafki. Kafin yaro ya sa ƙafa a jirgi, sai an gwada iyonsa, an ɗaura masa rigar kariya. Yawon shaƙatawa ne fa kawai!

Mu kuwa? Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, ɗauke da ɗaliban Islamiyya daga Badau za su Maulidi. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara. Muka cika Facebook da ta'aziyya, mako na zagayowa muka koma labarin attajiri da 'yar talaka.

Ga ruwan Tiga nan yana ratsa Bunkure da Kura ta hanyoyin ban ruwa, yaranmu na tsunduma ciki duk lokacin zafi. Wa ya koya musu iyo? A labaranmu, in yaro ya nutse, sai mu ce kwana ya ƙare, mu rufe babi. Mutuwa ta Allah ce, ba ma musu. Amma lodi aikin mutum ne, rashin rigar kariya ma haka.

Wannan makon mu je bakin ruwa, mu zauna da masunta da matuƙa jirgi, mu rubuta abin da zai sa uwa ta tambayi mai jirgi: ina rigar ɗana?