Dutsi a aljihu, littafi a hannu

Ƴan uwa masu karatu, duk wanda ya san Dumega da ƙauyukan da ke cikin Dallol Mawri ya san abin da ke biyo bayan ruwan sama mai ƙarfi. Da zarar ruwa ya janye daga gebe, sai yara su fantsama cikin yashi suna tsintar duwatsu, wani fari mai santsi kamar ƙwai, wani ja mai nauyi fiye da girmansa. Su cika aljihu su komo gida, uwa ta zubar, uba ya yi faɗan yagewar riga. Da wuya a samu babban da zai karɓi dutsin ya duba.

Ga shi kuwa kowane ɗaya yana da labari. Mai santsin nan ruwa ne ya mulmula shi shekaru aru-aru, domin Dallol tsohon kogi ne wanda a da yake gangarawa kudu har ya faɗa kogin Kwara a wajajen Gaya. Ja mai nauyi kuwa ƙarfe ne a cikinsa. Irinsa kakanninmu suka riƙa narkawa suna fitar da tama, shi ya sa ake cin karo da kashin maƙera a tsofaffin kufai. Akwai kuma wanda muke kira gatarin aradu. Masu binciken tarihi sun tabbatar hannun mutum ne ya goge shi, tun kafin a san ƙarfe. Mutanen Arewa ma ba baƙin daraja dutsi ba ne: sunan Dogon Dutsi shaida ne, haka kuma Tunguma ta Lugu, wadda aka daɗe ana kai ƙara gabanta.

Kada a raina tsintuwar yaro. A Ingila, wata yarinya ƴar talakawa mai suna Meri Anin, wadda aka haifa a 1799, tana tsintar duwatsu a bakin teku tana sayarwa. Tana da shekara 12 ita da wanta suka gano ƙasusuwan wata dabbar ruwa ta zamanin da, aikinta kuma ya taimaka wajen kafa wani fanni na ilimi. A nan gida, a 1975 wani saurayi ne ya yi kiciɓis da gumakan yumɓu a Bura, wajen Tera, kafin masani Bube Gado ya haƙa wurin a 1983. Abin da ya biyo baya ya isa darasi: dillalai suka yi wa wuraren wawa, kayan suka ƙare a kantunan Turai. Saboda haka ƴan kasuwa su sani, dokar 1997 ta kare kayan tarihin ƙasa. Idan yaro ya kawo abin da ba a saba gani ba, a nuna wa malamin lakwal ko hukuma. Wanda ya sayar wa mai wucewa a kan jika biyu, ya sayar da tarihin garinsu ke nan.

To, me za a ba yaro mai irin wannan ido? Idan Salla ta zo, ko an dawo daga Yamai ko Kano, tsarabarmu ba ta wuce shadda da takalmi da alewa. Ga shawarar wannan fili: a ƙara da littafi guda.

Ga wanda ya fara karatun Hausa, a nemo masa Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937. Littafi uku ne, ana iya ba shi ɗaya kowace Salla.

Ga ɗan kwaleji, Sarraounia na Abdullahi Mamani, wanda aka buga a 1980. Ya ginu ne a kan yaƙin Lugu na watan Afirilu 1899, sa'ad da Sarauniya Mangu ta ja daga da rundunar Bule da Shanuwan. Ƙagaggen labari ne, marubucin ya yi ƙari irin na masu hikima, don haka in yaro ya gama sai a tura shi wurin tsofaffi ya ji nasu zancen ya gwada.

Ga mai tsintar duwatsun kansa, in ya kai lise, L'Empreinte des dinosaures na Filib Take, na 1994. A ciki ya ba da labarin ƙasusuwan manyan dabbobin da ya haƙo a Gadufawa, cikin jihar Agadas, tun daga 1965. Wanda ya je Yamai da yaro, ya biya da shi gidan tarihi na Bubu Hama ya ga irinsu da idonsa.

Ma'aikacin da aka turo Arewa aiki kuwa, ya yi wa kansa kyautar Histoire Mawri na Mark Piyo, na 1970, ya san mutanen da yake yi wa hidima.

Wani zai ce littafi da tsada, kuma babu kantinsa a Dumega. Gaskiya ne. Amma motar da ke kawo atamfa da siminti ba za ta gaza ɗauko kwali guda na littattafai ba, kuma littafi ɗaya yana zagaya gida goma kafin ya yage. A rubuta sunan yaro da shekara a shafin farko, a ba shi tsohon gwangwani ya adana duwatsunsa, a tambaye shi inda ya tsinci kowanne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.