FILIN MAWAƘA: Faifan Malam Maman Barka da ya yi suna a Turai, bai yi tashe a gida ba

Duk wanda ya tashi a Dingyadi ko Boɗinga ko Shagari a zamanin kaset, da wuya a ce bai taɓa jin muryar Malam Maman Barka ba. Mutumin Nijar ne, haifaffen Tesker a jihar Damagaram, kuma asalinsa Batube ne, amma da Hausa ya yi waƙoƙin da suka tsallako iyaka. Malamin makaranta ne kafin ya rungumi waƙa, shi ya sa "Malam" ɗin ta bi shi. Shi ke tsara abinsa, shi ke rerawa, shi ke kaɗa gurminsa mai tsirkiya biyu.

To amma fa faifan da ya kai sunansa Turai babu ruwansa da gurmi.

A 2002 ne Malam ya samu tallafin hukumar UNESCO, ya nufi Tafkin Cadi wurin wani dattijo, Boukar Tar, wanda ake ganin shi kaɗai ya rage cikin gwanayen biram. Shi biram abin kiɗan Budumawa ne masunta, tsirkiyarsa biyar, ƙirarsa kamar kwalekwale. Mawaƙin da ya riga ya yi suna ya koma ɗalibi a gaban tsoho, abin da ba kowane tauraro ne zai iya ba. Bayan rasuwar dattijon, amanar ta koma hannunsa.

Da wannan biram ɗin ya hau dandalin bikin WOMAD a Ingila a 2008, tare da makaɗinsa Oumarou Adamou mai kalangu da ƙwarya. A 2009 kamfanin World Music Network ya fitar da faifan "Introducing Mamane Barka". Babu fiyano, babu 'yan amshi rututu. Murya ce da tsirkiya da ganga, shi ke nan.

Masu sharhin kiɗa na can sun karɓe shi hannu biyu, kuma ya zo a kan gaɓa, don a lokacin kasuwar kiɗan Sahara na ci sosai albarkacin su Ali Farka Toure da Tinariwen. Sai dai in ka duba yabon da kyau, mai karatu, za ka ga kusan duk a wuri ɗaya ya tsaya: ga mutum na ƙarshe da ya iya biram, ga kayan kiɗan da ke shirin ɓacewa. Labarin kayan kiɗan ya danne mawaƙin. Ba laifinsu ba ne gaba ɗaya, tunda ba su jin abin da yake faɗa. Amma Maman Barka da ake ji a motocin haya na hanyar Illela zuwa Ƙonni, don maganarsa ake saurarensa, don nasiha da zambo cikin raha irin na malamin aji. Wannan ɓangaren nasa bai shiga sharhin ba.

A gida kuwa faifan bai yi wani tashe ba, kuma dalilin a fili yake. Don kasuwar Turai aka buga shi, ba don masu tura kaset a baro ba. Waƙoƙin da yawa na gargajiyar Budumawa ne. Sannan a 2009 ina matashin da ke da kunnen tsirkiya? Tun da "Sangaya" ya fito, fiyano ya riƙe ragamar waƙar fim, saurayi da budurwa suna amsa wa juna, furodusa na ƙirga kuɗi.

Inda abin ya shafi Sakkwatawa shi ne nan. Ƙasar da ta haifi Narambaɗa da Ɗan Anace da Ɗanƙwairo ba ta rasa kayan kiɗa ba, amma yawancin abin da ya rage na waɗannan manya tsofaffin ɗauka ne masu shuu, an kwafa daga kaset zuwa kaset har murya ta dushe. Biram ya samu wanda ya je ya durƙusa ya koya, ya kuma shiga situdiyo aka ɗauke shi tsaf. Kotso da taushi fa? Darakta zai shirya fim ɗin sarauta, a naɗa rawani, a hau doki, sannan a ɗora masa kiɗan kwamfuta. Haba!

Malam Maman Barka ya rasu a Yamai ranar 21 ga Nuwamba, 2018. Allah ya jiƙansa da rahama.