Waiwaye: Farin Gyale a Bakin Salansa

A shekarar 2015 kamfanin Volkswagen ya saki wata talla a Amurka wadda ta shiga ran mutane. Wasu tsofaffin mata ne ke gardama a kan motar dizal, ana cewa ai dizal sai baƙin hayaƙi. Sai ɗayarsu ta kara farin gyale a bakin salansa, inji yana aiki, ta ɗago shi fari fat. Da irin wannan talla aka sayar da motoci kusan 500,000 a ƙasar, ga mutanen da suka ƙara kuɗi don kada su gurɓata iska.

Ashe gubar ba ta taɓa gyale. Iskar naitirojin oksaid ce, mai illa ga huhu, kuma a kan titi motocin suna fitar da ita har ninki 40 na abin da doka ta yarda. An sa musu manhajar da ke gane lokacin gwaji, sai inji ya nutsu, da an fita hanya ya koma halinsa. Masu bincike na Jami'ar West Virginia ne suka gano bambancin a 2014, hukumar kare muhalli ta Amurka ta tona asirin a Satumban 2015. Motoci miliyan 11 abin ya shafa a duniya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda ya saya: wa zai ƙwato masa haƙƙinsa? Dokar tarayya ta 1914 da ta kafa hukumar kula da kasuwanci, FTC, ba ta ba mutum ɗaya damar kai ƙara da kansa ba, sai dai ya jira hukuma ta motsa. Wannan giɓi ne jihohi suka cike da nasu dokokin a shekarun 1960 da 1970. Duba ta Massachusetts, wadda aka kafa a 1967. Wanda aka yaudara zai rubuta wa mai kaya takardar neman haƙƙi, a ba shi kwana 30 ya amsa. Idan kotu ta gano da gangan ya yi, sai ya biya ninki biyu ko uku na asarar, ya kuma biya kuɗin lauyan mai ƙara. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. Wa zai ɗauki lauya a kan cutar da ba ta kai ladan lauyan ba? Mayaudari ya san haka sarai, shi ya sa yake tsakurar kowa kaɗan-kaɗan. A ganina, dokar da ba ta mayar wa mai saye kuɗinsa a hannu ba, ba ta kuma sa ƙarya ta fi gaskiya tsada ba, ba za ta hana kowa ƙarya ba. Nakan tuna da hakan duk sa'ad da na ji ana tallar magani guda a rediyo wai yana warkar da basir da shawara da ciwon suga.

A Yunin 2016 Volkswagen ya amince da sulhun da ya kai dala biliyan 14.7. Mai mota ya zaɓa, ko kamfani ya saye ta, ko ya gyara, kuma a kan haka a ba shi diyyar dala 5,100 zuwa 10,000. Antoni-janar na jihohi fiye da 40 suka karɓi wasu dala miliyan 570 daban, saboda karya dokokinsu na hana tallar yaudara.

A Jamus kuwa, gidan kamfanin, gyaran manhaja aka fara ba mutane, ba sisi. Sai a Nuwamban 2018 ƙasar ta samu dokar da ƙungiyar masu saye za ta shigar da ƙara a madadin jama'a, kuma sai a 2020 aka yi sulhun Yuro miliyan 830, shekara huɗu bayan an sallami Amurkawa.