Teslim Balogun: Kada Almara Ta Gaje Tarihi

A ganina, sanya wa filin wasa na Surulere a Legas sunan Teslim Balogun bai wadatar wajen karrama shi ba. Wannan ɗan wasan gaba, da ake wa laƙabi da "Thunder" saboda ƙarfin bugunsa, yana cikin tawagar Nijeriya da ta ziyarci Ingila a 1949, akasarinsu ba takalmi. Ya buga wa Jos, ya ci wa Queens Park Rangers ƙwallaye a kakar 1956/57, ya rasu a 1972. Amma abin da ya fi yawo a bakin jama'a shi ne labarin wai bugunsa ya taɓa kashe mai tsaron gida. Muddin jami'o'inmu ba su rubuta tarihinsa da harsunanmu ba, almara ce za ta gaje shi.