Tabarau Ba Hula Ba Ne: A Je A Auna Ido

A ajin karatun manya da muke koyarwa da yamma akwai abin da ya daɗe yana damunmu. Tabarau guda ɗaya ne yake zagaya benci. Baba ya karanta layi biyu ya miƙa wa na kusa da shi, shi kuma ya miƙa wa wata mama. In muka tambayi inda aka samo shi, sai a ce a kasuwa, a kan tebur, an gwada wannan an gwada wancan har rubutu ya fito. 'Yan'uwa, ra'ayinmu a nan ɗaya ne: tabarau magani ne, magani kuwa aunawa ake yi. Bari mu bayyana yadda ake wannan awo, gama wanda ya san abin da za a yi masa ba ya tsoron zuwa.

Da farko mai auna ido yakan yi tambayoyi. Shekarunka nawa, wane aiki kake yi, nesa ce ba ka gani ko kusa, kana da ciwon sukari ko hawan jini? Tambayar sukari ba ta banza ba ce, domin in sukari ya hau yakan sauya ƙarfin ganin mutum, awon da aka yi a ranar kuma ba zai daɗe yana aiki ba.

Sa'an nan a zaunar da kai nisan mita 6 daga wani allo mai haruffa, manya a sama, suna ƙanƙancewa zuwa ƙasa. Wani likitan ƙasar Holan mai suna Snellen ne ya fito da shi a 1862. Za a rufe ido ɗaya a gwada ɗayan, sannan a juya. In an rubuta 6/6, ganinka daidai ne. In an rubuta 6/18, abin da mai lafiyar ido zai karanta daga mita 18, kai sai ka matso mita 6. Wanda bai yi boko ba kada ya ji kunya, akwai allon da ke da harafin E kaɗai, da hannu zai nuna inda ƙafafunsa suka fuskanta.

Bayan haka sai a nemi inda kuskuren yake. Ido yana tara haske ne ya sauke shi a bangonsa na baya. In hasken ya taru kafin ya kai bangon, mutum ba ya ganin nesa, sai a ba shi gilashi mai alamar ragi (−). In bai gama taruwa ba har ya iso bangon, gilashi mai alamar ƙari (+) ake bayarwa. Don a gane wanne ne, mai awo yakan haska wata 'yar fitila cikin idon yana kaɗa ta, yana duban yadda hasken ke dawowa, yana sauya gilasai har motsin hasken ya tsaya. A asibitoci da yawa yanzu akwai na'urar da za ka ɗora haɓa ka leƙa wani hoto, ta fitar da lamba nan take. Amma wannan lamba mafari ce kawai.

A nan ne naka aikin yake farawa. Za a sa maka wani firam mai ɗan nauyi, a riƙa zura gilasai ana cirewa, ana tambaya, "Wannan ya fi, ko wancan?" Tsakanin gilashi da mai bi masa bambancin 0.25 ne kawai. Mun san halinmu na kara: in babba ya tambaye mu, sai mu ce "ya yi" don kada mu wahalar da shi. To, a ɗakin awo kara cuta ce. In biyun ɗaya suke a wurinka, ka ce ɗaya suke, wannan ma amsa ce. Kada ka matse ido, kada ka haddace haruffan allo. Mai ɓoye ciwonsa, ai kansa ya cuta.

Akwai kuma waɗanda gaban idonsu bai zagaye daidai ba, ya fi kama da ƙwai. Su sai an ƙara musu gyara ta wata fuska guda, shi ya sa za ka ga wata lamba tsakanin 1 da 180 a takardarsu. Daga nan a ba ka ƙaramin rubutu ka riƙe a nisan wajen santimita 40. Daga shekara 40 zuwa sama ido yakan fara kasa karatun kusa, ba ciwo ba ne, girma ne. Ƙarin da ake yi yakan fara daga wajen +1.00, ya kai wajen +2.50 a shekara 60. A ƙarshe a auna tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin idanunka biyu, don tsakiyar gilashi ta zauna daidai. Yara kuwa akan ɗiga musu magani tukuna, domin idonsu yana da ƙarfin ɓoye kuskurensa.

Wani zai ce, "Malam, na kasuwar yana yi mini aiki, ga shi da araha." Ba mu musa ba. Ga wanda idanunsa biyu ƙarfinsu ɗaya ne, karatu kawai yake nema, tabarau na tebur yana iya taimakonsa, ba kuwa zai lalata masa ido ba. Amma gilasansa biyu lamba ɗaya ce, alhali idanun mutane da yawa sun bambanta, daga nan ciwon kai da gajiyar ido suke zuwa. Babbar hasarar kuma ita ce abin da mai tebur ba zai duba ba. Mai awo yakan auna ƙarfin ruwan cikin ido ya kuma leƙa jijiyar gani. Hawan jinin ido yana cin gani daga gefe ba tare da zafi ba, abin da ya ci kuwa ba ya dawowa. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa bayan yanar ido, shi ne na biyu wajen makantar da manya. Mutum yana iya karatu sarai da tabarau na aro, ciwon yana ta aikinsa a ɓoye.

Haka kuma mu daina cewa tabarau yana kashe ido. Wanda ya saba da gani garau ne yake lura da hazon da ya daɗe a ciki in ya cire. Yarinyar da ba ta ganin allo daga bayan aji ba daƙiƙiya ba ce, kada mu hana ta tabarau don gudun surutun mutane.

Wuraren zuwa suna nan: Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, Asibitin Ido na ECWA a Kano, da sashen ido na manyan asibitocin jihohi. Tun 1989 akwai hukumar da ke yi wa masu auna ido rajista, don haka ba laifi ba ne ka tambayi takardar wanda zai taɓa idonka. Shawararmu ita ce duk wanda ya kai 40 ya je awo aƙalla sau ɗaya cikin shekara biyu, mai sukari kuwa kowace shekara. Ku matasa, ku raka iyayenku, ku biya musu kuɗin mota. Ku karɓi takardar awon ku adana ta. Hula akan yi aronta, ido kuwa ba a sayar da shi a kasuwa.