Kwalin da Kake Wa Dariya, Malam

Malam, na karanta rubutunka a kan samarin Fadaman Mada masu naɗa wa kyamara kwali da salatif. Wai ko su sayi gilashin ɗaukar ƙananan halittu na kamfani, ko su haƙura. Da wane kuɗin?

Ka taɓa kwance gilashi mai milimita 50 ka juya shi, baya ta koma gaba? Ƙuda zai cika maka hoto har ka ga saƙar idonsa. Kwalin nan nisanta gilashi yake yi da cikin kyamara, nisan kuwa shi ke ƙara girman abu. Farar robar yogot da suke kifawa kan filasha tausasa haske take yi, kada bayan ƙwaro ya yi ƙyalli. Kamfanin ma abin da yake sayarwa ke nan, ya dai shafa fenti.

Ka ce ƙurar hunturu kan shiga cikin kyamara. Nan kaɗai na ba ka gaskiya.

Leeuwenhoek mai sayar da yadi ne a Delft ta ƙasar Holan. Da gilashin da ya haɗa da hannunsa ya ga bakteriya a 1676. Da maƙwabcinka ne, da ka ce ya koma kan yadinsa.