Garin Ƙanƙara: Kafin Ka Ɗaure Kayanka

A wannan watan zan ɗan ajiye maganar makaranta da na saba yi muku a wannan fili, domin in amsa wata tambaya da ta zo mini har sau uku daga 'yan uwanmu 'yan zango da ke neman abinci a Turai da Amurka. Mutum ne yana da takardunsa cikakku, ya gaji da aikin masana'anta a Brescia ko Vicenza, ko tuƙin tasi a New York, ga shi kuma ya ji cewa otal-otal na garuruwan kan dutse, inda masu hali ke zuwa wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, suna neman ma'aikata ido rufe. To, wane gari ya kamata ya zaɓa ya koma, watakila har da iyalinsa?

Ba wai mutanenmu sun kamu da son wasan ba ne, ko da yake kada mu raina kanmu. Kwame Nkrumah-Acheampong, wanda ya ɗaga tutar Ghana a gasar Olamfik ta hunturu a Kanada a 2010, aikin karɓar baƙi ya samu a wani ɗakin wasan ƙanƙara a Milton Keynes ta Ingila, a nan ya koya. Amma masu tambayata shara, wanke-wanke, gyaran ɗaki da tuƙin bas suke nema. Saboda haka abin da attajiri ke dubawa in zai sayi gida a can, ba shi ne nasu ba.

Da farko dai a gane yadda irin waɗannan garuruwa suke. Da yawansu a kan ƙafa ɗaya suke tsaye. Aspen ta jihar Kolorado garin haƙar azurfa ce tun asali. Da farashin azurfa ya faɗi a 1893 sai mutane suka watse, garin ya yi shekara kusan hamsin yana gyangyaɗi, sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu wasan ƙanƙara ya tashe shi. Vail kuwa ba ta ma da wani tarihi kafin wasan, domin a 1962 aka buɗe ta musamman saboda shi. Haka Val Thorens ta Faransa, wadda aka gina a farkon shekarun 1970 a tsawon mita 2,300, inda a da sai makiyaya da dabbobinsu. Garin da aka gina don baƙo, ba a cika tunawa da mai yi wa baƙon shimfiɗa ba.

Wannan shi ya kawo mu kan babbar magana, wato ɗaki. Duk wanda ya ce maka albashin garin ƙanƙara ya fi na birni, ka tambaye shi inda yake kwana. Fili a tsakanin duwatsu kaɗan ne, ɗan abin da ke akwai kuma masu kuɗi daga nesa sun saye sun gina gidajen hutu, waɗanda ba sa shiga sai mako biyu ko uku a shekara. Faransawa har suna suka ba wa irin waɗannan gidaje, wai gadaje masu sanyi, don ba mai kwana a kansu. Sauran kuma haya ake ba wa 'yan yawon buɗe ido kwana-kwana, tun da kuɗin mako ɗaya a lokacin Kirsimeti ya fi abin da ma'aikaci zai iya biya a wata. A Chamonix, garin da ya karɓi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924, kusan kashi 70 cikin 100 na gidajen na hutu ne, har ta kai hukumar garin ta yanke shawara a 2025 cewa ba za a ƙara gina sababbi irinsu ba. Mutanen Suwizalan sun riga su, domin tun a 2012 suka jefa ƙuri'a suka amince cewa duk garin da gidajen hutunsa suka kai kashi 20 cikin 100, to a dakata haka nan. In ka ga masu gari da kansu suna kafa irin wannan doka, ka san 'ya'yansu ma sun rasa wurin zama, balle kai baƙo.

To ina ma'aikatan ke kwana? A gangare. Da yawa daga cikin masu gyaran ɗakunan Aspen daga Glenwood Springs suke fitowa, tafiyar kilomita kusan 65, wasu ma daga Rifle, wadda ta fi nisa. Kullum sai su shiga bas tun da duhu, su dawo da duhu, a kan hanyar da ƙanƙara ke daskarewa. Wasu masu aiki a Vail kuma a Leadville suke zaune. A garin Silverthorne na Kolorado akwai 'yan Afirka ta Yamma da dama, yawanci daga Senegal da Muritaniya, suna aiki a kantuna da otal-otal, kuma cunkoson ɗaki shi ne kukan da aka fi ji daga wajensu. Wanda ya san ɗakin samari a Nima ko Sabon Zango zai ce ai mun saba. Sai dai a Akra in ɗaki ya cika kana iya ɗaukar tabarma ka fita waje. A can kuwa kwana a waje cikin watan Janairu mutuwa ce.

Akwai garuruwan da suka yi abin kirki. Whistler ta Kanada ta kafa hukumar gidajen ma'aikata a 1997, da nufin kashi 75 cikin 100 na masu aiki a garin su zauna a cikinsa, Aspen ma tana da irin tata tun shekarun 1980. Amma jerin masu jira dogo ne, kuma sai wanda ya daɗe yana aiki a garin ake dubawa. Sabon zuwa ɗakin da mai otal ya ba shi ya dogara da shi, kuma a nan nake so a buɗe kunne. Ɗakin mai aiki tare da aikin yake tafiya. Ran da kuka saɓa da manaja, ko aiki ya ƙare, ran nan ka rasa abinci da makwanci gaba ɗaya. Kada a yi cinikin biri a sama. A sa a rubuta a takardar yarjejeniya ko akwai ɗaki, mutum nawa ne a ciki, nawa za a cire a albashi, da kuma kwana nawa za a ba ka in aiki ya tsaya.

Aikin kuwa yana tsayawa. Kakar wasa daga wajen ƙarshen Nuwamba ko Disamba take farawa, ta ƙare a Afrilu. Da ƙanƙara ta narke sai a rufe otal, a rufe gidajen abinci, gari ya zama kamar kasuwar ƙauye washegarin ranar cinta. A Kolorado lokacin taɓo suke kiran watan Mayu. Wasu garuruwa suna sake tashi a Yuli da Agusta saboda masu hawan dutse da masu keke, kamar Chamonix da Zermatt, wasu kuma shiru har sai sanyi ya dawo. Duk wanda zai yi lissafi, ya raba albashin wata biyar gida goma sha biyu, sannan ya gwada shi da abin da yake samu yanzu. Lissafin aji huɗu ne na firamare, amma manya da yawa ba sa yin sa.

Sai maganar tsawon dutse, wadda take da baki biyu. Duniya tana ɗumama, kuma wuraren wasan da ke ƙasa-ƙasa su ne ke fara rasa ƙanƙara. La Sambuy, kusa da Annecy a Faransa, an rufe ta a 2023 saboda ƙanƙarar ta daina isa a mayar da kuɗin da ake kashewa, kuma ba ita kaɗai ba ce. Ta wannan fuskar garin da ke can sama ya fi tabbas ga mai neman aiki. Amma jikin ɗan Adam yana da nasa hukuncin. Afadjato, dutsen da muke koya wa yara cewa shi ne mafi tsawo a Ghana, bai kai mita 900 ba. Aspen tana kan mita kusan 2,400, Breckenridge ta haura 2,900, Leadville kuwa ta wuce 3,000. A irin wannan tsawo iskar da mutum ke shaƙa ta ragu da kusan kashi 30 cikin 100 a kan ta bakin teku. Sabon zuwa yakan yi ciwon kai, da haki, da rashin barci na 'yan kwanaki. Ko ruwa ma ba ya kai zafin da muka sani kafin ya tafasa, saboda haka uwargida ta san waken da za ta dafa zai ci wuta fiye da na gida.

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya fi damuna shi ne sikila. Mutanenmu da yawa suna ɗauke da rabin jinin, wato AS, ba su taɓa ciwo ba, wasu ma ba su san suna da shi ba. A kan dutse mai tsawo, musamman in aka haɗa da aikin ƙarfi da rashin shan ruwa, jinin yana iya toshe saifa. Ryan Clark, ɗan wasan ƙwallon Amurka mai cikakkiyar lafiya, sai da aka cire masa saifa bayan ya yi wasa a Denver a 2007, alhali Denver mita 1,600 ce kawai. Duk mai niyyar komawa Kolorado ya fara gwada jininsa da na 'ya'yansa, ya kuma yi magana da likita. Mai yaro SS kuwa kada ya ɗaure kaya ko ɗaya sai ya ji ta bakin likitan yaron. Garuruwan Alps galibi sun fi ƙasa, Chamonix mita dubu da ɗoriya ce, wannan kuma wani abin dubawa ne.

In ra'ayina ake nema, mai iyali ya zaɓi garin kwari mai ƙafa biyu, ya riƙa hawa dutse aiki yana saukowa. Innsbruck ta Ostiriya birni ce sosai, da jami'a da babban asibiti da jirgin ƙasa, ga wuraren wasa kewaye da ita. Grenoble ma haka. A ƙasan Chamonix akwai Sallanches da Cluses, kuma Cluses ta shahara da masana'antun ƙananan ƙarafan injina, wato in ƙanƙara ta narke akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa. A Italiya akwai Aosta da Bolzano da Trento. A Amurka kuma Salt Lake City ba ta da nisa da Park City. A irin waɗannan wurare ne za ka samu makarantar sakandare ba tare da yaro ya yi doguwar tafiya ba, da masallacin Juma'a, da mahaucin da ka yarda da yankansa, da mutanen da za su tsaya maka ranar suna ko ranar rasuwa. Saurayi marar nauyin kowa yana iya yin kaka ɗaya a can sama ya gani da idonsa, ya tara abin da ya samu, amma kada ya saki ɗakinsa na birni tukuna.

Duk abin da na faɗa ga mai takarda ne. Faransa tana da izinin zama na ma'aikacin kaka, wanda bai yarda a wuce wata shida a cikin shekara ba, kuma mai ɗaukar aiki ne ke neman izinin, ba dillalin da ke zaune a bakin tasha a Kumasi yana karɓar kuɗin mutane ba. Akwai kuma wata hanyar shiga garin ƙanƙara da nake roƙon iyaye su ja kunnen 'ya'yansu a kanta. Tun wajen 2017 samarin Afirka ta Yamma da yawa suke tsallakawa daga Italiya zuwa Faransa da ƙafa cikin dare, ta Montgenèvre, garin wasa mai tsawon mita 1,800 da wani abu, suna neman Briançon. Suna bin gefen filin da masu hutu suka yi wasa da rana, sanye da takalmin kambas. Wasu sun isa, wasu sanyi ya ci yatsunsu har aka yanke, wasu kuma sai da ƙanƙara ta narke aka ga gawarsu.

Masu sauran tambayoyi su rubuto ta ofishin edita kamar yadda aka saba. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.